Me Mutane Suke Gani a Tafkunan Ayilan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin jinya ne a garin Athlone na ƙasar Ayilan. Akwai wani dattijo da nake kula da shi, tsohon masunci, ya rantse mini cewa akwai wata halitta a Tafkin Ree da ke bayan gari. Har ya ce limaman coci uku sun taɓa ganinta da idonsu, kuma ai limami ba zai yi ƙarya ba. Na yi dariya, ransa ya ɓaci. Da na bincika sai na tarar ashe tafkuna da yawa a ƙasar nan suna da irin wannan labari. Malam, me mutanen nan suke gani? Dabba ce da masana ba su gano ba, ko aljanu ne, ko tatsuniya ce kawai?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka koma ka ba dattijon nan haƙuri, domin zancen limaman ba shaci-faɗi ba ne. Ranar 18 ga Mayu 1960, da yamma liƙis, limaman cocin Katolika uku daga Dablin suna cikin kwalekwale suna kamun kifi a Tafkin Ree, ruwa a kwance ko iska babu, sai suka hangi wani abu yana tafe a nisan kamar yadi 100. Suka ce sun ga kai da siririn wuya da bai wuce ƙafa 2 ba a saman ruwa, ga kuma wani doro yana biye da shi a baya. Sun kalle shi na minti biyu zuwa uku, ya nutse, ya sake tasowa, sannan ya ɓace. Suka rubuta rahoto suka miƙa wa hukumar da ke kula da kifin koguna da tafkuna a wancan lokaci, jaridu suka ɗauka. Dattijonka bai ƙara gishiri ba.

Idan na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne: mutanen kirki sun ce sun gani, amma har yau ba wanda ya kama, ba wanda ya tsinci mushe. To ina gaskiyar ta maƙale? Amsata a dunƙule ita ce, yawancin masu ba da labarin nan sun ga wani abu da gaske, amma siffar da suka ba abin sun gaje ta ne tun kafin su isa bakin ruwa. Sauran bayanin duk hujja ce kan wannan magana.

Batun aljanu bari in sauke shi tun yanzu. Fagena adabin baka ne, labaran da mutane ke gada da yadda suke sauyawa, kuma sha'anin gaibu na malaman addini ne. Sai dai ka lura, limaman nan da sauran shaidun da zan ambata ba su ce ruhi suka gani ba. Cewa suka yi dabba ce mai jini da tsoka, mai ninƙaya, mai buɗe baki. Wanda ya ce dabba ya gani kuwa ya kawo maganarsa inda za a iya aunawa: me take ci, ina take haihuwa, ina gawarta?

Labaran ba gida ɗaya suka fito ba

Kuskuren da na fi gani wurin masu sha'awar wannan batu shi ne su tattara duk labaran su zuba a tukunya ɗaya, su ce ga shi an shekara dubu ana ganin dabba guda. Da ka karanta su ɗaya bayan ɗaya za ka ga ba haka ba ne.

Mafi tsufa su ne waɗanda malaman gidajen ibada suka rubuta a tsohon harshen Ayilan da Latin. Akwai labarin sarkin Ulster da ke arewacin Ayilan, Fergus mac Léti, wanda rubutunsa ya kai ƙarni na 8. An ba shi baiwar tafiya a ƙarƙashin ruwa, aka gindaya masa sharaɗin kada ya shiga Loch Rudraige, wato mashigin tekun Dundrum na yau. Ya shiga. Can ya yi arba da wata dabba mai kumbura tana sacewa kamar zugazugin maƙera, tsoro ya karkace masa baki. A dokarsu mai tawaya ba ya sarauta, don haka fadawa suka ɓoye duk wani madubi har shekara 7 bai san halin da fuskarsa ke ciki ba, sai ranar da wata baiwa ta yi masa gori. Ya koma ruwan ya kashe dabbar, shi ma ya faɗi ya mutu. Wanda ya rubuta wannan bai damu da tsawon wuyan dabbar ba. Damuwarsa sarauta ce, da keta sharaɗi, da abin da fada ke ɓoye wa sarki.

Sai labaran waliyyai. Kusan duk wani babban waliyyin Kirista na ƙasar yana da macijin ruwan da ya kora. Sunan da suka fi ba wannan halitta shi ne péist, babbar kuma oilliphéist. Ana cewa Waliyyi Patrick ya gama da wata mai suna Caoránach a Tafkin Derg na Donegal, jininta ya rine ruwan. Ana cewa Waliyyi Senan, a ƙarni na 6, ya tarar da wata mai suna Cathach ta hana kowa zama a tsibirin Scattery da ke bakin Kogin Shannon, ya kore ta zuwa wani tafki a yankin Clare, ya kafa gidan ibadarsa. Haka aka ce game da Finbarr a Gougane Barra, da Kevin a Glendalough. Kai har shi kansa Kogin Shannon da ya ratsa garinku, akwai riwayar da ke cewa wata oilliphéist ce ta haƙa shi da jikinta tana gudun Patrick. Labarin da ake jinginawa da dodon da ake cewa yana cikin tafkin Loch Ness na Sikotilan ma na ɗan Ayilan ne, Waliyyi Columba, kuma Adomnán da ya rubuta shi wajen shekara ta 700 a Kogin Ness ya ce abin ya faru, ba a tafkin ba.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Baƙo ya zo, ya tarar da maciji ya hana mutane ruwa, ya kashe shi, daga nan sabon iko ya kafu: labarin Bayajidda ke nan da rijiyar Kusugu a Daura. Babu wata alaƙar tarihi tsakanin Daura da Donegal, amma aikin da labarin ke yi ɗaya ne, yana bayyana yadda wuri ya koma hannun masu shi na yanzu. Shi ya sa ba na lissafa labaran waliyyai cikin shaidar ganin dabba.

Kashi na gaba shi ne wanda na fi jin daɗinsa, labaran ƙauye. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya, kuma tsakanin 1937 da 1939 aka sa yaran firamare sama da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 su je wurin iyaye da kakanni da maƙwabta su rubuto abin da suka ji. Littattafan suna ajiye a Kwalejin Jami'a ta Dablin. Na zauna da su, kuma abin da ya fara kama ni shi ne rubutun hannun yaran, wani ya tsantsara, wani tawada ta ɗige masa, a ƙasa an rubuta sunan tsohon da ya ba da labarin da shekarunsa da ƙauyensa. A cikinsu, abin da ya fi fitowa daga tafki doki ne, each-uisce, wato dokin ruwa. Manomi zai ga wata goɗiya tana fitowa daga ruwa da dare tana ci masa hatsi, ya yi dabara ya sa mata linzami. Ta zama ba kamarta wurin jan garma, ta haifa masa 'ya'ya shekara da shekaru. Ranar da ya doke ta ko ya zage ta, ko ya bari ta hangi ruwan da ta fito, sai ta yi haniniya, duk 'ya'yanta su bi ta su faɗa tafki. A wasu riwayoyin yaro ne ya hau dokin, ya manne, dokin ya zarce da shi cikin ruwa.

Wannan labari zai zo maka daga gundumomi masu nisa da juna, kowa yana kiran sunan tafkin ƙauyensu da sunan gidan manomin. Irinsa yana nan a Sikotilan da ƙasashen Sikandinebiya. Labarin da ya faru a wuri ɗari da zubi iri ɗaya, ka san yawo yake yi, yana yada zango duk inda ya samu ruwa mai zurfi. Amfaninsa kuma a fili yake. Tafkunan yammacin ƙasar baƙi ne wuluk saboda ruɓaɓɓen ganyen fadama, gefensu laka ce mai zurmawa, sanyinsu na ƙame gaɓoɓin mutum cikin 'yan mintoci. Uwar da ke son ɗanta ya nisanci irin wannan ruwa ta san doki mai sace yara ya fi dogon wa'azi tasiri.

Dutsen kabarin Glenade

Akwai labari ɗaya da ya tsaya a tsakiya, shi ba tatsuniya zalla ba, shi ba rahoto ba, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. A maƙabartar Conwall da ke kwarin Glenade a gundumar Leitrim akwai dutsen kabarin wata mata, Grace Connolly, da ta rasu ranar 24 ga Satumba 1722. A jikin dutsen an sassaƙa wata dabba mai kamar kare ta waiwayo da kanta, ga hannu riƙe da makami an soka mata. Mutanen yankin suna cewa matar ta je bakin tafki wanki, ta daɗe ba ta dawo ba, mijinta ya bi sawu ya tarar da gawarta, dabbar da ake kira dobhar-chú, sarkin karnukan ruwa, na kwance a kanta tana barci. Ya kashe ta. Kafin ta mutu ta yi fito, abokin zamanta ya fito daga ruwa ya bi mutumin da ɗan'uwansa a guje bisa dawakai har cikin gundumar Sligo, inda suka samu sa'arsa.

Masu neman hujja suna son wannan dutse ƙwarai, domin abu ne da za ka taɓa da hannu. Amma rubutun da ke jikinsa suna ne da sunan miji da ranar mutuwa, bai faɗi abin da ya kashe ta ba. Akwai hanya biyu. Ko dai wani abu ya faru da ita a bakin ruwa aka sassaƙa shi, ko kuwa sassaƙen yana da wata ma'ana daban, irin alamomin da ake yi wa duwatsun kabari a wancan zamani, daga baya jikoki suka kalli hoton suka saƙa masa labari da zaren da suke da shi. A aikina na fi cin karo da hanya ta biyu. Abu yana nan a tsaye, dutse ko kango ko tsohuwar bishiya, mutane ba sa jure ganinsa ba bayani, sai labari ya zo ya zauna a kansa. Batun dabba ta biyu da ke fitowa ɗaukar fansa idan ta ji fito ma tsohon zubi ne a labaran ƙasar.

Wanda ya fi kama da rahoto na gaskiya ya girmi wannan. A 1684 masanin tarihi Roderic O'Flaherty ya rubuta bayanin yankin yammacin Connacht, ya kawo labarin wani mutum da yake raye a lokacin, wanda wata dabba ta kai wa hari a bakin Tafkin Mask kamar shekara 10 kafin nan. Mutumin ya hangi kan wata dabba tana iyo, ya ɗauka karen ruwa ne, ya ci gaba da tafiyarsa. Dabbar ta nutse, ta ɓullo kusa da shi, ta cafke masa gwiwar hannu ta ja shi cikin ruwa. Ya tuna da wuƙar aljihunsa ya daɓa mata, ta sake shi. Ya ce girmanta kamar na karen farauta, fatarta baƙa mai santsi. O'Flaherty ya kira ta kadan Ayilan, ko da yake babu kada a ƙasar, ba ma maciji ko ɗaya. Ka riƙe wannan magana ta "ya ɗauka karen ruwa ne", za mu dawo kanta.

Shaidun zamani

Connemara, yammacin Galway, ƙasa ce ta duwatsu da fadama da ƙananan tafkuna barkatai, kuma nan ne rahotannin ƙarni na 20 suka fi yawa. A 1954 wata ma'aikaciyar laburare ta garin Clifden da abokanta uku sun je kamun kifi Tafkin Fadda. Sun fito gaɓa suna shan shayi sai ɗaya ya nuna wani abu ya ce ga wani mutum can yana ninƙaya. Abin ya yi ta matsowa har kamar yadi 20, ya wangame baki, cikinsa fari. Ta ce baƙi ne, jikinsa yana motsi irin na tsutsa, da doro biyu da wutsiya mai reshe. Ta yi makonni tana mugun mafarki, ta yi shekaru ba ta koma wurin ba.

Ranar 22 ga Fabrairu 1968 wani manomi kusa da Claddaghduff ya fita da yamma da ɗansa da karensu. A ɗan Tafkin Nahooin ya ga wani baƙin abu a ruwa, ya zaci karensa ne ya faɗa, ya yi masa fito, sai ga karen ya taho ta tudu. Karen ya hau haushi, abin ya nufo su baki buɗe. Aka kira matar gida da sauran yara, su bakwai suka tsaya suna kallo har duhu ya shiga. Suka ƙiyasta tsawonsa ƙafa 12, da wuya kamar turke da doro biyu.

An bi sawun waɗannan labarai, ba a zauna ba. Kyaftin Lionel Leslie, wanda ɗan'uwa ne ga tsohon Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill, ya tayar da nakiya a Tafkin Fadda a Oktoba 1965 don ya firgito abin da ke ciki, ya ce wani baƙin abu ya taso yana fantsama ruwa. Daga baya shi da abokan bincikensa suka shimfiɗa raga suka tare tafkin, ba su kama komai ba. A 1968 suka yi haka a Nahooin tare da marubuci F. W. Holiday da Roy Mackal na Jami'ar Chicago. Nan ma raga ta fito wayam. Shi Nahooin ɗin kuwa yadi 100 ne a tsaye, 80 a kwance, kusan filin ƙwallo guda.

Abin da ruwan zai iya ɗauka

A nan ne maganar babbar dabbar da ba a sani ba take rushewa, kuma ba sai mutum ya zama masanin kifi zai gane ba. Ƙanƙara ta lulluɓe Ayilan a zamanin sanyi na ƙarshe, tafkunanta sama da 12,000 kusan duka bayan narkewarta suka samu, abin da bai wuce shekara 15,000 ba. Dabbar nan mai dogon wuya ta zamanin dainoso da ake zanawa a jikin kayan tsaraba ta ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma da iska take numfashi, da tana nan da kullum sai an ga kanta a sama. Sannan dabba ɗaya ba ta rayuwar ɗaruruwan shekaru, dole a samu garke mai haihuwa, masu mutuwa suna barin ƙashi. Ruwan fadamar Connemara kuma ruwa ne mai tsami marar abinci, kifayensa ƙanana. Dabba mai ƙafa 12 za ta share kifin Nahooin cikin ɗan lokaci ta zauna da yunwa.

Masu kare labarin sun san da wannan, shi ya sa suka ce dabbar ba mazauniya ba ce, tana yawo ne tsakanin tafkuna da teku ta ƙoramu. Wannan ya kawo mu ga wanda aka fi zargi, wani kifi dogo mai santsi da siffar maciji, Turawa na ce masa il, kusa da gaiwa a ƙira. Kifi ne mai ban mamaki ko ba dodo. A Tekun Sargasso, can tsallaken Atlantika, ake ƙyanƙyashe shi, ya yi tafiyar dubban kilomita ya shigo kogunan Turai, ya shekara goma ko ashirin ko fiye, sannan ya koma can ya yi ƙwai ya mutu. Da dare mai damshi yana iya fita daga ruwa ya ja ciki cikin ciyawa zuwa wani ruwan. Tsofaffin Connemara suna da labaran wani ƙaton irinsa mai kai da geza kamar na doki, wanda ya maƙale a kwalbati ko ƙarƙashin gada lokacin fari. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago ya ɗebi ruwan Loch Ness ya tace ɓurɓushin ƙwayoyin halittar duk abin da ke rayuwa a ciki. Sakamakon da ya fitar a 2019 bai nuna alamar dangin kada ko ƙadangare ba, amma na wannan kifi ya cika ko'ina.

Duk da haka ni ban gamsu cewa shi ne amsar yawancin rahotannin ba. Wanda ya kai mita ɗaya a cikinsu ya riga ya zama ƙato. Kuma kifi gefe da gefe yake lanƙwasa jiki idan yana iyo, ba sama da ƙasa ba, ba ya kuma tafiya da kai a miƙe bisa ruwa. Doro da ke fitowa yana nutsewa, da kai a ɗage, motsin dabba mai shayarwa ne.

Yanzu koma ga abin da na ce ka riƙe. Idan ina ɗaukar labari daga bakin wanda ya ga wani abin mamaki, nakan bar shi ya gama ban katse shi ba, sannan in yi masa tambaya ɗaya da ta fi sauran amfani: da ka fara hango shi, me ka zaci ne? Amsar farko ita ce ido ya bayar kafin tsoro da labarin kaka su sa baki. Mutumin Tafkin Mask ya zaci karen ruwa ne. Mutanen Fadda sun zaci mutum ne ke ninƙaya. Manomin Nahooin ya zaci karensa ne. Shekara kusan 300 tsakanin na farko da na ƙarshe, amma duka ukun idonsu ya fara ba su abu mai zagayayyen kai, girman kare ko mutum. Ayilan na cikin ƙasashen Turai da karen ruwa ya fi yawa. Babba yakan kai mita ɗaya da 'yan kai har wutsiya, jiƙaƙƙen gashinsa na sheƙi kamar fata, kuma uwa da 'ya'yanta idan suka jeru suna iyo, wannan ya nutse wancan ya taso, daga nesa sai ka rantse dabba ɗaya ce mai doro uku. Akwai kuma dabbar teku da ake kira sil, mai kai kamar na kare, namijinta na wuce mita 2, tana bin kifi ta hau koguna, kuma takan tsaya ta miƙe wuya ta zuba wa mutum ido. Claddaghduff a bakin teku yake. Abin da limaman Ree suka kwatanta, duka-duka bai wuce ƙafa 6 ba, ya shiga cikin wannan awo.

Sauran abubuwan ruɗi ba sai an daɗe a kansu ba: sawun jirgi da ke ci gaba da tafiya a kwantaccen ruwa bayan jirgin ya ɓace, tsuntsun ruwa mai dogon wuya, barewa tana ƙetare tafki, kututturen da iskar ruɓa ta taso da shi daga ƙasa. A 2003 masu ƙidayar kifi a Tafkin Muckross na Killarney, wanda zurfinsa ya kai mita 75, sun ga wani babban abu a na'urarsu mai auna ƙarƙashin ruwa da sauti, jaridu suka raɗa masa suna Muckie. Irin wannan na'ura ba hoto take ɗauka ba, amon da ya dawo take nunawa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan ruwa wannan karin magana ba ta aiki. Babu bishiya ko gida kusa da abin da za ka gwada shi da su, idan ka yi kuskuren nisa ka yi kuskuren girma, kuma kusan duk rahotannin nan da yamma ne, haske na ja da baya. Ƙara da cewa labarin Fadda sai bayan fiye da shekara 10 masu bincike suka ɗauke shi a rubuce. Mutum ba ya buƙatar yin ƙarya kafin labarinsa ya girma, ya isa ya maimaita shi sau da yawa ga masu sauraro da ke da irin tambayoyin da suke so a amsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce yadda dabbar ke canja kama da zamani. Malaman coci maciji suka sani, maciji suka rubuta. Manoman da rayuwarsu ke kan doki, doki suka gani. Masuntan Connemara suka ga ƙaton kifi mai geza. Dogon wuya da doro biyu kuwa sai bayan 1933 suka yawaita, lokacin da labarin Loch Ness ya cika jaridu, da wani hoto na 1934 da aka ce na dodon ne, wanda aka tona a 1994 cewa ƙaramin jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai. Rahotannin Ayilan sun fi tumbatsa a shekarun 1960, daidai lokacin da ake tsaka da farautar dodon Sikotilan. Yau kowa na da kyamara a aljihu, hoto mai kyau ko ɗaya bai fito ba.

Inda bayanina ya tsaya

Ba zan ce maka na warware kowane labari ba. Na Nahooin shi ya fi yi mini tsaye: mutum bakwai, kusa, na tsawon lokaci, kuma mutanen karkara ne da suka san karen ruwa tun suna yara. Wanda ya ce sil ne ya ɓato hanya ya kawo zato mai kyau, amma zato ne. Ba wanda zai iya komawa yammacin wannan rana ya duba. Abin da za a iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne, rashin gane abin da mutum ya gani daban, samuwar sabuwar dabba daban, kuma tafkin da aka tare da raga ba shi da abincin da zai riƙe ta.

Tunda kana zaune a wurin, kana da damar da ba kowa ke da ita ba. Littattafan yaran nan na 1937 an ɗora su a shafin dúchas.ie kyauta, kana iya bincika su gunduma-gunduma. Tafkin Ree ya taɓa Westmeath da Longford da Roscommon, sai ka fara da su, ka nemi kalmar péist ko labaran dokin ruwa, ka ga abin da kakannin yankin suke cewa shekara 20 da 'yan kai kafin limaman su shiga kwalekwale. In kuma dattijon ya huce ya yarda ya ba ka nasa, kada ka tambaye shi ko gaskiya ne. Tambaye shi wa ya fara ba shi labarin, yana ɗan shekara nawa, a wane ɓangaren tafkin aka ce abin yake, kuma ko masunta na guje wa wurin. Sau da yawa za ka tarar wurin da aka ce dodo na kwana shi ne inda ruwa ya taɓa cin mutane. Ka nemi izininsa da na iyalinsa kafin ka naɗi muryarsa, tunda majinyacinka ne.